Ɗoɗɗoya Uku a Kan Tebur

Shekara talatin ina malamin gona.
Abin da na fita da shi: gilashin ƙara girma
da tsofaffin jaridu da nake danne ganye a cikinsu
ƙarƙashin dutsen niƙan da gidanmu ya daina amfani da shi.

Uku ne a gabana yau.
Ta farko daga bakin ruwan Daberam, doguwa, ganye faffaɗa.
Ta biyu daga tsagin fā a hanyar Dutsi,
ta kwanta rub da ciki, duk jikinta gashi.
Ta uku a nan Daura na tsince ta,
bayan katangar makarantar firamare,
inda awaki ke wucewa su shinshina su kau da kai.

Dangantaka dai babu gardama.
Murza karan a yatsa, kusurwa huɗu ce.
Ganye biyu-biyu, kowanne na duban ɗan'uwansa.
Fure da leɓen sama da leɓen ƙasa,
ka ɓare ƙoƙon, 'ya'ya huɗu baƙaƙe.
Gidansu ɗaya da na'ana'a,
da tayim ɗin da ake ƙullawa a leda a zuba a miya.
Amma gida ɗaya ba ɗaki ɗaya ba ne.
Wa ke uwa, wa ke 'ya,
wa kuma ƙasa ce kawai ta sauya wa kama?

Na ƙirga gashin ƙoƙo har idona ya yi ruwa.
Na auna ganye da rula, na rubuta, na goge.

Ranar kasuwa na kai wa Hurera,
mai tallar ganye a gefen 'yan tukwane.
Ko kallo ba ta yi ba.
Ta murje kowace a tafi, ta kai hanci.
"Wannan ta shayi ce. Wannan ta hayaƙin sauro.
Wannan kuwa, Malam Ɗalhatu, ta kare ce, jefar da ita."
Na ce littafi ya ce biyun farko jinsi guda ne.
Ta ce littafin yana da hanci?

Ban ba ta amsa ba. Na sayi tukwane uku.

Ƙasa ɗaya na zuba, daga bayan ɗakina,
taki ɗaya, ruwa gwangwani ɗaya safe da yamma,
inuwar darbejiya ta raba musu daidai.
In wuri ne ya bambanta su, wuri zai haɗa su.
In jini ne, sai mu gani.

Damina ta zo ta wuce.
Ta Daberam ta rage tsawo kaɗan, ba ta damu ba.
Ta bayan katanga ta yi ƙiba, ta zubar da gashi,
har na kasa raba ta da ta farko
sai in na rufe ido na yi yadda Hurera ta yi.
Ta dutse kuwa,
ga ruwa, ga taki, ga sarari sama,
ta ƙi miƙewa.
Ta bi bakin tukunya a kwance
tana neman tsagin da babu.
'Ya'yanta da na shuka bana, su ma haka.

To, wadda littafi ya haɗa ta rabu,
wadda Hurera ta ce a jefar ta matso kusa,
amma ƙamshinta na nan inda ta bar shi.
Kowa ya ci rabi, kowa ya faɗi rabi.

Jikata Rahanatu ta tambaye ni
don me nake rubuta sunayen da fensir.
Na ce miƙo min abin gogewa,
gobe Laraba, zan koma wurin Hurera
da tukunya ta uku a bayan keke.